Rigar Farauta Ta Dala 500: Ina Kuɗin Yake Tafiya?

  

Wannan makon za mu yi tafiya mai nisa, mu leƙa ƙasar Amurka, inda mafarauta suke da wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Akwai rigar farauta a can da kuɗinta ya kai dala 500, wata ma ta fi haka. A wani shagon kuma ga mai kama da ita, zanen ganye da reshe iri ɗaya, ana sayar da ita ƙasa da dala 100. Wasu mafarautan sun ce mai tsadar ta ci kuɗinta har da riba. Wasu sun ce ɓarnar kuɗi ce kawai, ai kakanninsu da tsohuwar rigar gona suka yi farauta, kuma nama bai yanke a gidajensu ba. To wa ya fi gaskiya?

Na san wani zai ce, Yaya, mu ina ruwanmu da rigar mafaraucin Amurka? Ruwanmu a ciki shi ne, tambayar da suke yi ita ce kake yi ranar da Baba ya ba ka kuɗin takalmin makaranta, ita ce kike yi ranar da kika tsaya gaban mai jakunkuna kina kallon wadda ƙawarki ta zo da ita. Kuɗin da za a kashe gumin wani ne a gidanku. Farauta kuwa wuri ne mai kyau na koyon wannan darasi, domin daji bai iya karanta sunan da ke jikin riga ba. Aikinta kawai yake gwadawa.

Mafarauta biyu, daji biyu

A Amurka ba a shiga daji haka kawai. Kowace jiha tana da hukumar kula da namun daji. Mutum zai sayi lasisi, a gaya masa watannin da aka yarda a yi farauta, da irin dabbar da zai harba, da adadinta. Binciken da hukumar kula da kifaye da namun daji ta ƙasar ta yi a 2022 ya nuna mutum sama da miliyan 14 ne suka fita farauta a shekarar. Kun ga kasuwa ce babba, kuma duk inda kasuwa ta cika, masu talla ba sa barci.

Sai dai waɗannan miliyoyin ba aiki ɗaya suke yi ba. Mu ɗauki biyu daga cikinsu. Na farko yana jiha irin Wiskonsin ko Jojiya. Da asuba zai shiga motarsa, ya ajiye ta a bakin wata gona, ya taka na minti goma, ya hau kujerar da ya ɗaure a jikin bishiya, ya zauna awa uku ko huɗu yana jiran barewa ta gifta. In ruwa ya dake shi, mota tana kusa, gida yana kusa. In sanyi ya yi yawa, sai ya jibga riguna uku ko huɗu, nauyinsu bai dame shi ba tun da a zaune yake.

Na biyu yana hawa duwatsun Kolorado ko Montana ko Alaska, yana bin wata ƙatuwar barewa da suke kira elk, wadda girmanta ya kusa na doki, ko kuma tumakin dutse. Zai yi mako guda ko kwana goma bai ga gari ba. Abincinsa da tantinsa da tufafinsa duk a bayansa suke. Wani lokaci yana sama da mita 3,000, kuma kun karanta a darasin labarin ƙasa cewa duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da wajen digiri 6. A irin wurin nan sai a yi rana da safe, a yi ƙanƙara da la'asar, dusar ƙanƙara ta sauka da dare.

Domin wannan na biyun aka fara ɗinka tufafin masu tsada. An kafa kamfanin Sitka a 2005. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, Jason Hairston, ya fita ya buɗe nasa mai suna Kuiu, wanda ya fara sayar da kaya a 2011. Dabararsu ita ce ɗauko irin yadin da masu hawan manyan duwatsu suke sawa, su ɗinka wa mafarauta. Wanda zai haɗa riga da wando da na ciki da na ruwa daga irin waɗannan kamfanoni, yana iya kashe sama da dala 1,000.

Abin da kuɗin yake saya

Abu na farko shi ne yadin da ke hana ruwa shiga amma yake barin zufa ta fita. Wanda ya taɓa sa rigar ruwa ta leda ya tuƙa keke da damina ya san matsalar: ruwan sama bai taɓa ka ba, amma ka isa makaranta sharkaf da guminka. A 1969 wani injiniya Ba'amurke, Bob Gore, ya ɗumama wani nau'in roba, irin wanda ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama, ya fizge shi da ƙarfi. Maimakon ya tsinke sai ya miƙe, ya zama tantani mai ƙananan ƙofofi. Shi ne ake kira Gore-Tex. A kowane inci ɗaya murabba'i akwai ƙofofi wajen biliyan 9. Ɗigon ruwa ya fi kowace ƙofa girma sau 20,000, don haka ba ya shiga. Ƙwayar tururin zufa kuma ƙofar ta fi ta girma sau 700, don haka tana ficewa. Bayan an ɗinka rigar, sai a bi kowane ɗinki ta ciki a liƙe shi, domin hudar allura ma ƙofa ce ga ruwa. Wannan aiki ne na gaske, kuma yana cin kuɗi.

Abu na biyu shi ne rigar ciki ta ulun merino, wato gashin wasu tumaki da asalinsu daga Sifen ne, amma yanzu an fi kiwonsu a Ostareliya da Niyu Zilan. Mu a nan auduga ce sarauniyar yadi, kuma da dalili. Tana shan zufa, iska ta buso, jiki ya yi sanyi. A Sakkwato cikin watan Afrilu wannan rahama ce. A kan dutsen Montana kuwa wannan hali nata yana iya kisa. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska wajen sau 25. Zafin jikin mutum mai lafiya yana kusa da digiri 37. In ya sauka ƙasa da 35, sai rawar ɗari, sai hankali ya fara gushewa, hannu ya kasa ko ƙyasta ashana, in ba a kai ɗauki ba a rasa rai. Ulu yana iya shan danshi har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da ka ji shi a jiƙe ba, kuma ba ya saurin tsami. Mutumin da zai kwana goma babu wanki ya san amfanin wannan.

Abu na uku shi ne rashin nauyi da rashin ƙara. Mai hawan dutse da kaya a baya, kowane rabin kilo sai ya ji shi a gwiwa. Rigar da ke da ɗumi kuma ba ta da nauyi ta fi wahalar yi, shi ya sa ta fi tsada. Rigar ruwa mai araha kuma sau da yawa tana ƙara kamar ana murza leda, kuma dabbar daji tana da kunne.

Ga wannan mafarauci na biyu, maganar Hausawa ta tabbata: sayen nagari mai da kuɗi gida. Rigar da ta hana shi jiƙewa a daren da babu mai jin kiransa ta biya kuɗinta a wannan daren kaɗai. Amma ku lura da wani abu. Wannan tantanin da wannan ulun suna nan a jikin tufafin masu yawon duwatsu, kore ko ruwan ƙasa, marasa zanen ganye, kuma sau da yawa sun fi sauƙi, balle na hannu. Ashe ana iya samun aikin ba tare da an biya kuɗin sunan ba.

Abin da kuɗin ba ya saya

Yanzu mu zo kan abin da ya fi jan idon mai saye, wato zanen ɓad da kama. Wannan zane na bishiya da ganye ba tsohon abu ba ne. Kafin 1980 yawancin mafarautan Amurka rigar ulu mai gidan dara ja da baƙi suke sawa, ko ragowar kakin soja. A 1980 wani malamin makaranta a jihar Bajiniya, Jim Crumley, ya fito da zanen ɓawon bishiya mai suna Trebark. A 1986 aka kafa Realtree da Mossy Oak, waɗanda har yau zanensu ya cika kasuwa. Kafin duk wannan, Fred Bear, wanda ya rasu a 1988 kuma ana lissafa shi cikin manyan maharba da kwari da baka na ƙasar, an fi saninsa da riga mai gidan dara da malafa. Mai baka kuwa sai ya matsa kusa da dabba ƙwarai kafin ya saki kibiya.

Ta yaya ya yi? Amsar tana cikin idon barewa. A idon ɗan Adam akwai ƙwayoyin gane launi iri uku. A na barewa iri biyu ne. Tana ganin shuɗi sosai, tana ganin ɗorawa, amma ja da ruwan lemo dishi-dishi suke zame mata, ba ta raba su da launin ciyawa yadda mu muke yi. Abin da idonta ya ƙware a kai shi ne motsi. Ka ɗaga hannu ka kori sauro, ta gan ka, ko rigarka ta dala nawa ce. Ka zauna shiru a inuwa, bishiya a bayanka, tana iya wucewa ta gabanka ko da tsohuwar rigar gona ce a jikinka. Kyawun zanen da mai saye yake yabawa a shago, da idon mutum yake yaba shi, alhali ba mutum zai farauta ba.

Abin da ya fi ido ma shi ne hanci. In iska ta ɗauki warin mafarauci ta kai wa barewa, magana ta ƙare. An yi tufafi masu gawayi a ciki da aka tallata cewa suna kashe warin jiki. Wasu mafarauta a jihar Minesota suka kai ƙara, kuma a 2010 wata kotun tarayya ta ce iƙirarin kawar da wari gaba ɗaya ba gaskiya ba ne. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin da aka ba kamfanin. Ko ma yaya shari'ar ta ƙare, mafarauta ba su daina duba inda iska take kaɗawa ba kafin su zaɓi wurin zama, kuma wannan ilimi ba a sayar da shi a kanti.

Adalci ya sa in faɗa muku inda zanen yake da amfani. Tsuntsaye sun fi mu ganin launi. Mai farautar talotalon daji ko agwagwar ruwa dole ya ɓoye fuska da hannu, ya saje da wurin da yake. Amma ko shi, zane mai araha yana yi masa wannan aiki. In ya biya ƙari, to ya zama don ɗumi ko hana ruwa ne.

Ga kuma abin da ya fi ba ni mamaki a duk wannan batu. Tufar da ta fi kare rai a dajin Amurka tana cikin mafi araha. A yawancin jihohi doka ta wajabta wa mai farautar barewa da bindiga ya sa riga ko hula ruwan lemo mai ƙyalli, irin ta masu aikin hanya, domin kada ɗan'uwansa mafarauci ya hango motsi ya ɗauka dabba ce ya harbe shi. A Kolorado dokar ta ce faɗin wannan launi a jikin mutum ya kai inci 500 murabba'i. Ana samun irin wannan 'yar falmaran ƙasa da dala 20. Mutum zai sayi rigar ɓuya ta dala 500, sannan ya ɗora ta dala 20 a kanta don a gan shi, kuma barewa ta zo duk da haka.

Mu dawo gida

Ƙasar Hausa ma ƙasar mafarauta ce, da sarakunan baka da makaɗansu da karnukansu, kuma su ma sun daɗe da amsa wannan tambaya ta hanyarsu. Dubi kan burtu. Burtu babban tsuntsu ne baƙi mai yawo a ƙasa yana tsince-tsince, namun daji sun saba da shi, ba sa gudunsa. Sai maharbi ya samu kan burtu ko ya sassaƙa irinsa da itace, ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya matso inda kibiya ko bindigarsa za ta kai. Kayan aikin ba su da tsada. Abin da ke da tsada shi ne shekarun da ya yi yana kallon burtu har ya iya tafiyarsa.

Dubi kuma suturarsa. Riga gajera mai kauri, mai duhun launi, wadda ba ta reto balle ƙaya ta kama. Warki a ƙugu, domin fata ta fi yadi jure zama a ƙasa da jan ciki. Batun layu da guraye da ke jikin rigar wasu fage ne na dattawa da malamai, ba na lissafin kasuwa ba, don haka na bar musu. Abin da ya shafe mu shi ne, kowane ɓangare na suturar amsa ce ga wata matsala ta dajinmu. An fi fita farauta da rani bayan an kawar da amfanin gona. Abokan gabar mafarauci a lokacin su ne zafin rana, da ƙishirwa, da farar ƙaya da sarƙaƙiya da ƙarangiya. Ka ba shi rigar dutsen Alaska ta dala 500 a watan Maris, zafi ya haura digiri 40, ka ba shi wahala. Ruwan da aka yi ta don ta tare ba ya sauka, sanyin da aka yi ta dominsa babu shi, kuma ƙaya ɗaya ta isa ta huda tantanin.

In da za a ce mai shiga dajinmu ya zaɓi abu ɗaya ya kashe wa kuɗi, ni takalmi zan ce. Kububuwa tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a yankinmu, har akwai asibiti na musamman na masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe. Yawancin sara a ƙafa yake samun mutum, ko a hannu lokacin aiki. Dogon takalmin roba mai kauri, irin wanda manoma suke sawa, yana rage wannan haɗari, kuma kuɗinsa bai kai ko kusa da na takalman gayu ba. Wannan ya shafi duk wanda ke zuwa gona ko kiwo ko itace lokacin hutu, ba mafarauci kaɗai ba.

Sai gargaɗi ɗaya, musamman ga samari. A dilar gwanjo ana cin karo da wando ko riga ko hula mai zanen ɓad da kama, kuma tana da kyau a ido. A Nijeriya doka ta hana farar hula sa kakin soja, kuma rundunar soja ta sha jan kunne a kan haka. A shingen bincike ba lallai ne a tsaya ana tantance wannan zanen mafarautan Amurka ne ko na soja ba. Ka bar ta a dila, ko da kyauta aka ba ka.

Mu ɗauko biro

Akwai lissafi mai sauƙi da zai raba gardamar. Ka raba kuɗin abu da yawan ranakun da za ka yi amfani da shi. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai na kawo don mu gwada.

A ce mafaraucin dutse yana fita kwana 30 a shekara. Rigar dala 500 ta yi masa shekara 10, kwana 300 ke nan, kowace rana ta ci ƙasa da dala 2. In ya sayi ta dala 100, irin wahalar da yake ba ta za ta kashe ta a shekara biyu. A shekara 10 ya sayi biyar, ya kashe dala 500 ɗin dai, ga jiƙewa, ga nauyi, ga kasada da rai. Shi mai tsadar ce ta dace da shi.

A ce kuma mai zaman bishiya kwana 3 yake fita a shekara. A shekara 10 kwana 30 ke nan. Rigar dala 500 ta ci masa kusan dala 17 a kowace rana. Ta dala 100 kuwa za ta kai shi shekara goman lafiya lau tun da ba ta shan wuya, a kan dala 3 da 'yan kai a rana. Dala 400 da ya ƙara, da ya sayi harsashin gwaji da su ya koyi saiti, ko ya ƙara kwanakin da yake yi a daji, da sun fi kawo masa nama. Riga ɗaya, farashi ɗaya, ga wani riba, ga wani asara.

Yanzu mu kawo lissafin cikin aji. A ce ga takalmin makaranta iri uku. Na naira 6,000 yana mutuwa a zango ɗaya, a shekara ka sayi uku, naira 18,000. Na naira 15,000 mai ɗinki mai kyau yana kai shekara. Na naira 40,000 mai tambarin da kowa ya sani, shi ma shekarar yake yi. Na farko ya nuna araha ba ta ado, domin a ƙarshe ya fi na biyu cin kuɗi. Na uku kuma naira 25,000 da ke kansa ba ƙarko ta saya ba, kallon mutane ta saya. Na tsakiya shi ne nagarin da karin magana take nufi.

Akwai ma abin da ya shafe ku wanda bai shafi babban mutum ba: kuna girma. Ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare da aka saya wa takalmin da zai yi shekara biyar, ƙafarsa za ta fi ƙarfinsa kafin shekara ta zagayo. Sai dai in akwai ƙane mai gado. Jaka kuwa, ko ƙamus, ko na'urar lissafi, ba ruwansu da girman jiki. A nan ne ƙarko yake da riba, domin abin da aka saya a aji ɗaya yana iya raka mutum har aji shida.

Tambayoyi huɗu kafin ka zaro kuɗi

Ta farko: wane aiki nake so abin nan ya yi mini? Ka faɗe shi da baki. Jaka ta ɗauki littafi takwas ba tare da hannunta ya tsinke ba. Rigar sanyi ta tare iskar hunturu a kan hanyar makaranta da sassafe.

Ta biyu: in mai arahar ya gaza, me zan rasa? In amsar ita ce ɗan ɓacin rai, sayi mai araha. In amsar ita ce lafiya ko rai ko jarrabawa, kamar birkin keke, ko takalmin shiga gona, ko na'urar lissafin da za ka shiga da ita ɗakin jarrabawa, to kada ka yi rowa.

Ta uku: sau nawa zan yi amfani da shi? Abin kullum ya cancanci kuɗi fiye da abin rana ɗaya. Da yawa muna juya lissafin, mu zuba kuɗi a kayan biki na yini guda, mu tsuke hannu a takalmin da za mu taka kwana 200.

Ta huɗu: ƙarin kuɗin nan, aiki yake saya ko suna? Juya abin ka duba ɗinki, ja zif ɗin sau uku, lanƙwasa ƙasan takalmin, karanta 'yar takardar da ke wuyan riga ka ga auduga ce ko roba. In mai kaya ya kasa gaya maka abin da mai tsadar yake yi wanda mai arahar ba ya yi, ka samu amsarka. Kada kuma ka raina na hannu. Wanda ya iya zaɓe a gwanjon Ƙofar Wambai a Kano, ko na kasuwar garinsu, yakan samu yadi mai kyau a kan kuɗin sabo marar kyau.

Ban ce son ado laifi ba ne. Mutum yana iya sayen abu don kawai ya burge shi, in kuɗinsa ne ya tara, kuma ya san abin da yake biya. Inda matsalar take shi ne a sayi suna a ce inganci aka saya, ko a matsa wa iyaye su ci bashi domin kada a raina mu a aji. Wanda ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa. Ɗan ajinku mai takalmin naira 40,000 bai san abin da ke cikin tukunyar gidanku ba, kai ka sani. Kuma kamar yadda rigar dala 500 ba ta koya wa mutum zama shiru ko karanta iska, haka jaka mai tsada ba ta karanta littafin da ke cikinta.

Aikin wannan makon: kowa ya zaɓi abu ɗaya da aka saya masa a shekarar nan, ya tambayi kuɗinsa, ya ƙirga kwanakin da ya yi amfani da shi, ya raba. Sannan ya yi wa abin da yake roƙon a saya masa yanzu irin wannan lissafin. Ku nuna wa Mama ko Baba sakamakon, ku ji abin da za su ce. Wanda kuma yake da kaka ko maƙwabci tsohon mafarauci, ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi abin da ya fi kashe wa kuɗi a kayan shiga dajinsa, da dalili. Ku rubuto mana amsar, za mu kawo wasu a wannan shafi.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A yi karatu da kyau.